Wanzamin da Ya Ce In Fita

Me ya sa ya fitar da ni? Mutumin da aka kai ni ɗakinsa tun ban iya tuƙa tuwo ba, muka binne wasu 'ya'ya tare, muka aurar da wasu tare, me ya sa da ya ga tafiyarsa ta matso sai ya sa aka zo aka ɗauke ni daga gidan? Yau ina zaman takaba a ɗakin da ya cika, kuma har yanzu ban sani ba.

Ban yi karatu ba, ko na allo ban yi nisa ba. Ɗiyata ta tsakiya, wadda ke koyarwa a Dundaye, ita ke riƙe da alƙalami. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, in kuka ya zo ta jira ni, kada ta gyara mini komai don ya yi daɗin ji. Ina so jikokinsa su san shi, kada ya zama suna kawai da ake ambata ranar sadaka.

Ranar da aka kai shi, gidanmu na Ƙofar Kware bai ɗauki mutane ba. Maza sun cika zaure har bakin hanya. Da yawansu shi ya yi musu askin suna, ga su yanzu da furfura. Mata kuwa suna tsakar gida, kuma babu wadda ba ta san ba na nan lokacin da ya cika ba. Kowace ta zo da kalmarta.

Maƙwabciyarmu, wadda muke ɗebo wuta a murhun juna tun muna amare, ta kama hannuna ta ce, “Haƙuri, 'yar uwa. Tsame ki yay yi, kamar yadda ake tsame yaro daga gulbi.”

Matar liman ta ce, “Nauyi ya rage miki. Ganin fitar rai ba na kowa ba ne.”

Ƙanwar maigida ba ni ta yi wa magana ba. Bango ta kalla, amma da muryar da za ta kai zaure. “Yaya dai ya tafi ba hannun mace bisa kainai. Ko korewa anka yi, ko gudu anka yi, Allah shi ya sani.”

Da yamma abokinsa maƙeri, wanda ke ƙera masa asake tun suna samari, ya tsaya bayan labule ya yi mini gaisuwa. Sannan ya ce, “Uwargida, ni dai a ganina yaye ki yay yi.”

Tsamewa, rage nauyi, kora, yaye. Duka fita ce, amma ba ɗaya ba ce. Ni da na yi fitar ban san wace iri na yi ba. Da yana nan da shi zan tambaya, don a garin nan ban san wanda ya fi shi sanin bambancin irin waɗannan abubuwa ba.

Wanzami ne, ɗan wanzami. Duk rayuwarsa raba mutane yake yi da abin da ke jikinsu: gashi, beli, mataccen jini, haƙorin da ya ruɓe, ƙayar da ta karye a tafin ƙafa. Daga madafa nakan jiyo shi a zaure yana koya wa babban ɗanmu aiki. Wata rana wani manomi ya zo da ƙaya a dunduniya, yaron ya kama ta ya fizge, ta karye a ciki. Uban bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Zarewa nac ce, ban ce fizga ba. Mai zarewa hanyar da abu ya shiga yake bi. Mai fizga tashi hanyar yake yi.” Haka kuma bai yarda a ce aski da kankara ɗaya ne ba. Ya ce kankara ta ƙoƙon tuwo ce, kan mutum aske shi ake yi. Maganar da ya fi maimaitawa kuwa ita ce, duk abin da aska ta ɗauke ba ta iya mayar da shi, don haka a duba sosai kafin a sa ta. Mutane da yawa sun kawo yara a cire musu beli ya leƙa maƙogwaro ya ce babu abin cirewa a nan, ku kai shi asibiti. Wasu sun tafi suna gunaguni, sun ce tsufa ya sa masa tsoro.

Ni kuwa Allah ya yi ni mai ƙari. In na zuba gishiri sai na daɗa. In baƙo ɗaya aka ce zai zo, tuwon gayya nake tuƙawa. Bangon ɗakina tasoshi ne har sama, a ƙarƙashin gado ma akwai wasu. Shi kuma kafin ya sa hannu a akushi sai ya ɗebe rabi ya tura gefe. In na sa masa sabuwar riga da aiki a wuya, sai ya ce nauyi gare ta. Yakan ce, “Tsohuwa,” haka yake kirana tun ban tsufa ba, “ke ko gulbin Rima anka ba ki sai kin ƙara mishi ruwa.”

Ni kuma in ce, “Kai ko kaza anka ba ka kiwo, sai ta dawo ba gashi.”

Sai ya yi dariyar nan tasa da ba ta da sauti, kafaɗa kawai ke rawa. Haka muka zauna. Ina zubawa yana ɗebewa, kuma gidan bai taɓa cika ya fashe ba, bai taɓa zama kango ba. Ban taɓa ɗauka cewa wata rana ni ce za a ɗebe ba.

Ki rubuta labarin mai taɓin hankalin nan, don ba kowa ya sani ba. Akwai wani bawan Allah da ke kwana gindin bango kusa da masallacin unguwa. Gashinsa ya cukurkuɗe ya zama kamar tsumma, ƙwarƙwata na cinsa har fatar kai ta yi gyambo. Samarin unguwa suka ce a danne shi a aske. Maigida ya ce ba da askarsa ba. Ya fara da zuwa ya zauna nesa da shi yana wasa aska a dutse, ba ya ko kallonsa. Daga baya ya riƙa kai masa fura. Ranar da mutumin ya bari aka taɓa kansa, ɗan tsagi guda ya yanke ya tashi ya dawo gida. Na ce, “Ka samu ya tsaya, ba ka gama ba?” Ya ce, “Gashin nan shi kaɗai ya mallaka a duniya. In na kwashe shi lokaci guda, fashi na yi mishi.” Sai da damina ta wuce kafin kan ya fito fes. Bayan nan duk Juma'a mutumin da kansa yake zuwa zaure ya durƙusa ya miƙa kai. Ya zo jana'iza. An ce bai shiga sahu ba, ya tsaya daga nesa yana shafa kansa.

Akwai wata al'ada tasa da ita ce ta hana ni barci yanzu. In za a yi wa jariri askin suna ko a cire masa beli, ko za a yi wa yaro kaciya, ba ya zare aska daga zabira sai uwar ta bar wurin. Ba bayan labule ba, gidan ma sai ta fita. Lokacin kaciyar autanmu na ce ni matar wanzami ce, na ga jini ya fi a ƙirga, zan tsaya. Ya ce, “Jinin 'ya'yan wasu kinka gani. Tafi maƙwabta ki sha iska.” Na tafi ina faɗa. Da daɗewa bayan haka ya gaya mini dalili. Ya ce yaro yana iya daurewa in ba ya ganin uwarsa, amma da ya hango ta sai ƙarfinsa ya zube. Ya ce shi ma hannunsa ba ya jin tsoron kukan yaro, numfashin uwa ne ke sa shi rawa.

To, da a nan abin ya tsaya, da na ce maƙwabciyata ta yi gaskiya, in kwanta in yi barci. Amma ba uwa kaɗai yake fitarwa ba. Akwai wasu irin mutane da ba ya aiki suna wurin: masu shisshigi. Na tuna wani attajiri da aka yi wa ɗan ƙanensa ƙaho a bayansa. Ya tsaya a kan maigida yana cewa daɗa nan, sa wani can, ai ba haka ake yi a Makka ba. Maigida ya ajiye ƙahon ya ce, “Alhaji, fita waje ka sha iska.” Da muryar da ya gaya mini, da kalmomin da ya gaya mini. Ko fuskarsa ba ta sake ba. Wanda ya fi so da wanda ya fi damunsa, magana ɗaya yake musu. Ni wace ce a ciki ranar da ya ce in tafi?

Ciwon ya fara masa ne bayan ƙaramar salla. Abinci ba ya zama, ciki na kumbura, jiki na zubewa. Babban ɗanmu ya kai shi asibiti, aka ɗauki hoto, aka yi gwaje-gwaje. Likita ya yi wa ɗan bayani a gefe, amma tsohon bai jira a gaya masa ba. Da suka dawo ya kwanta, ya danna cikinsa da yatsun nan da suka san jikin mutane, ya ce, “Wanga ba na cirewa ba ne. Ya yi saiwa.”

Daga ranar ya fara ragewa. Zabirarsa ya fara bayarwa, ya miƙa wa babban ɗa, wanda yanzu shagon aski gare shi da injin wuta. Ya ce ko ba ka yi aiki da ita ba, ka riƙa shafa wa asaken mai. Ya raba rigunansa, ya bar biyu. Ya ce a fitar da gado daga ɗakinsa, ya koma tabarma. Rediyon da ba ya rabuwa da ita ya ba maƙeri. Ya daina goro. Magana ma ya rage ta, in an gaishe shi hannu yake ɗagawa. Ɗakin ya koma daga shi sai buta da carbi.

Ni kuma abin da na iya shi na yi. Ya bar tuwo, na dama kunu. Ya bar kunu, na kawo zuma da nono. Aka ce akwai mai magani a Wamakko, na aika aka karɓo saiwoyi na jiƙa. Na karɓo rubutu wurin liman. Ga na asibiti kuma, ban bari lokacinsa ya wuce ba. Bakin tabarmarsa ya cika da kofuna da ƙoƙuna, kowane da murfinsa. In ya buɗe ido ni zai gani da cokali. In ya kau da kai, sai in fita bakin ƙofa in yi kuka, kuma ni ban iya kuka a ɓoye ba, duk unguwa ta san muryata.

Wata safiya na kawo masa kunun gyaɗa. Ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Na ce ya daɗa ko cokali guda.

Ya ce, “Tsohuwa, cikin nan ya cika. Ba wuri.”

Na ce, “Mi kac ci da zai cika?”

“Abin da ke ciki shi ya cika shi. Kwashe kofunan nan, don Allah.”

“In kwashe in zuba ido ka mutu?”

“Ko kin zuba ido ko kin zuba kunu.”

Maganar nan ta ƙona ni. Na ajiye kofin da ƙarfi har ya fantsama a tabarma. Na ce, “In ka gaji da ni ka faɗa. Ka raba riga, ka raba rediyo, ni kaɗai na rage, sai ka nemi wanda za ka ba.” Ya dube ni ya daɗe. Na jira ya yi dariyar kafaɗa, ko ya ce mini mai ƙarin ruwa a gulbi. Ya rufe ido.

Kashegari ya sa babban ɗa ya buga waya ya kira masa ɗiyar nan da ke rubutu. Na tambaye ta ya fi sau nawa, yanzu ma na sake tambayarta ta ɗago kai daga takarda. Ta rantse ba abin da ya ce sai, “Zo ki ɗauki uwarki ta kwana biyu wurinki.” Ta ce masa lafiya, Baba? Ya ce lafiya lau, ya miƙa wayar. Babban ɗa ma bai san komai ba. Ya ce shi dai an ce ya dawo gidan da kwana, shi da ƙanen ubansa, su za su riƙa juya shi.

Ban daɗe a Dundaye ba. Kullum in ce a mayar da ni, ɗiyata ta kira, a ce ya ce tukuna. Ana miƙa masa wayar ya ji muryata, sai ya girgiza kai. Wata ranar Laraba da hantsi ina tsince shinkafa, na ji ɗiyata ta amsa waya a ɗaki, sai na ji shiru. Shirun ya gaya mini. Kafin mu iso an yi masa wanka an sa shi a likkafani. Fuskar kawai aka buɗe mini. An aske masa kai tas. Babban ɗa ya ce shi ya nema tun da safe, ya ce a ɗauko zabira, kada a sa masa inji. Ya ce yana aski uban na gyara masa riƙon aska.

Na tambaye shi ko ya sha wuya. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Inna, gara da ba ki gani ba.” Na ce ya ambace ni? Ya ce ya daina magana sai salati, amma idonsa na yawan zuwa ƙofa. Ƙanwar maigida da ta ji haka ta ce kowane mai mutuwa ƙofa yake kallo.

Liman ya ce in daina wahalar da kaina. Ya ce ba saki ba ne, ba fushi ba ne a shari'a, matarsa nake, a ɗakinsa zan yi takaba. Na gode masa. Amma ba shari'a nake tambaya ba. Wani lokaci in ce uwa ya ɗauke ni, ya san in yana ganina ba zai iya daurewa ba. Sai in tuna kofunan nan da cokalin, da kukana a bakin ƙofa, in ce a'a, attajirin nan na zama, mai cewa daɗa nan, sa wani can, mutum na son ya tafi cikin natsuwa na hana shi. Wani lokaci kuma in ce ni na ba shi shawarar da bakina, ya karɓa. In yaye ne kamar yadda maƙeri ya ce, to wa aka yaye, ni ko shi? Kuma shi da ya ɗauki damina guda yana rage gashin mahaukaci don kada ya ji an yi masa fashi, yaya ni ya ɗauke ni rana ɗaya?

Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon nan ya zama ya kankare masa zunubi, ya yalwata masa makwanci. Bai taɓa dukana ba, bai taɓa barina da yunwa ba, bai taɓa sa aska inda bai duba ba. Duk wanda ya aske, duk wanda ya zare wa ƙaya, ya sa shi a addu'a. In na cuce shi da yawan kunu, ya yafe mini. Ni ban san ko akwai abin da zan yafe masa ba, amma in akwai, na yafe.

Saura ranar da na fita, ita ban faɗa wa masu gaisuwa ba. Ɗiyata ta zo da babur mai ƙafa uku, ya tsaya a ƙofar gida. Kwana biyu aka ce, amma ni zuciya ta ɗebe ni. Na ce tunda fita ake so, za a ga fita. Na kwashe zannuwana duka, na sauke tasoshi daga bango, na naɗe tabarmar salla, na ɗauki butata, har tsintsiya na cusa a buhu. Ɗiyata na cewa Inna ina za mu sa wannan, ina ce mata sa a kaina. Ina yi ina kuka, ina buga kwanoni don ya ji.

Ƙofar ɗakinsa a buɗe take. An jingina shi da bango, an sa masa matashi a baya. Yana kallon kayan suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ban shiga ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, “To, na tafi.” A nan na ga tsofaffin takalmana na roba, waɗanda nake tuɓewa in zan shiga wurinsa, dunduniyarsu ta cinye. Na sunkuya na ɗauke su zan jefa a buhu.

Sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, sai da na matsa kafin na ji sosai. Na juya maganar nan dare da rana, ban san ko amsata ce a ciki ba, ko kuwa wata tambayar ce ya daɗa mini, shi da bai saba daɗawa ba.

Ya ce, “Tsohuwa, ba duka ba. Takalman nan, bar su nan inda kinka saba tuɓe su. To, ku tafi, rana na yi.”